Keke Ko Kwale-kwale

Shafi na 23

Na ga saƙonnin masu cewa ina jan rai. Ku yi haƙuri, hannun ne ba ya sauri. Wadda kuma ta tambayi dalilin da ya sa Baffa ba ya yi wa ɗansa magana baki da baki, gyara zama, yau za ki gani.

* * *

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Asabar, Malam Zailani na tsaye a tsakiyar falonsa, daga shi sai singileti da wandon shan iska, ya riƙe ƙugu yana kallon ƙarafa biyu da Boaz ya sauke masa daga bayan a-kori-kura.

Na dama keke ne, amma ƙafarsa ɗaya, ita ma ba ta taɓa ƙasa. Na hagu wani dogon ƙarfe ne kwance, da 'yar kujera mai zamewa gaba da baya, da igiya mai guntuwar sanda a bakinta.

"Oga Darakta, kallo ba zai rage maka tumbi ba," in ji Boaz. "Ka zaɓi ɗaya. Wanda ka bari, akwai wani Alhaji a Ringim da ke jira, kafin la'asar zan kai masa."

"Kar ka matsa min."

"Ni ban matsa ba. Likita ne ya matsa."

Boaz mutumin Filato ne, yana Dutse tun shekarar da aka yi jiha. Da can gidan giya gare shi a bayan gari. Da aka ƙaddamar da shari'a bai yi gardama da kowa ba, ya rufe, ya koma sayar da kayan gwanjo: firji, fanka, talabijin, da duk abin da Turawa suka gaji da shi. Hausa kuwa a bakinsa ta fi ta wasu 'yan gari.

Gaskiyarsa ne, likita ne ya matsa. Likita Choji ya ɗaura wa Zailani abin awon jini har sau uku, ya cire tabarau ya ce, "Malam Zailani, da wannan hawan jinin ba zan sa hannu a takardar lafiyarka ta aikin hajji ba. Sati shida na ba ka. Ka motsa jiki, ka dawo in sake gwadawa."

Sati biyu sun riga sun tafi.

Kujerar hajjin kuwa ba shi ya biya ba. Baffa, mahaifinsa, shi ya fitar da manyan bijimansa kasuwa ya biya musu su biyu, ya ce ba zai je ɗakin Allah da ɗan wani ba. Har yau Baffa bai san da maganar likita ba.

Zulaihatu, matar gidan, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Abban Mahbuba, har yanzu ba a zaɓa ba?"

"Ina nazari."

"Nazarin da kake wa fayil a ofis za ka yi musu? Ashe sai bayan alhazai sun dawo."

"Zulai, da baƙo fa."

"Ni ba baƙo ba ne, Madam, ci gaba," in ji Boaz.

"Da ka ji maganata ka ci gaba da tafiyar ƙafarka," ta ce, "da ba mu ga waɗannan ƙarafan ba."

"Tafiyar ƙafa? A garin nan?"

Ya tuna ranar, ransa ya sake ɓaci. Ya fita da sassafe da takalmin kambas, bai kai kwanar gidan ba motoci uku suka tsaya za su rage masa hanya. Masinjan ofishinsa ya diro daga kan keke ya rantse sai dai Yallaɓai ya hau, shi ya bi a ƙasa. Kafin azahar labari ya zaga sakatariya cewa an sauke shi daga darakta an ƙwace motar ofis. Da yamma mutum bakwai suka zo jaje.

"Ɗaya har da kuka," in ji Zailani. "Wai dama ya ga alama."

Boaz ya dafa sirdin keken.

"To shi ya sa Bature ya yi wannan. Ka hau a ɗakinka, ba mai rage maka hanya. Kana murza feda kana karanta jarida, kana jin rediyo. Gwiwa ba ta wahala, baya ba ya wahala. Ga maɓalli nan, in ka murɗa ya yi nauyi kamar kana hawan dutsen nan na bayan gari."

"Wannan ya yi min," in ji Zailani da sauri.

"Dole ya yi maka," in ji Zulaihatu. "Kujera ce aka sa wa feda. Kai da zama ai ba a raba ku. Sati ɗaya za ka daina murzawa ka ci gaba da jaridar."

"Wancan kuma fa?" Zailani ya nuna na ƙasan da leɓe.

"Wannan shi ne kwale-kwale. Ka zauna, ka tokare ƙafa, ka ja igiya kamar mai tuƙa jirgin ruwa. Ƙafa na aiki, baya na aiki, hannu na aiki, ciki na aiki. Minti goma a kansa, sai an matse singiletinka."

"A ƙasa zan zauna?"

"Kusa da ƙasa."

"In wani ya shigo da takarda daga ofis ya same ni a ƙasa ina gaba ina baya kamar mai neman gafara?"

"Sai ka sa hannu daga nan," in ji Zulaihatu.

"Amma fa yana da wani kirki," in ji Boaz, ya rage murya. "In ka gama, tura shi za ka yi ƙarƙashin gado. Ba wanda zai san akwai shi. Keke kuwa ba ya ɓoyuwa. Duk wanda ya shigo sai ya tambaya, in ya tambaya sai an ce likita, in an ce likita, ka san garinku."

Nan Zailani ya shiga lissafi. Keken ya fi daɗi. Kwale-kwalen ya fi rufin asiri. In magana ta fita daga falon nan, kwana biyu ya yi yawa ta isa rugar su Baffa.

"Bari in gwada na ƙasan."

Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora kansa a 'yar kujerar. Rabinsa ya samu wuri, rabin ya haƙura. Boaz ya ɗaure masa ƙafafu da maɗauri ya miƙa masa sandar.

"Da ƙafa za ka fara turawa, Oga, ba da baya ba. A hankali."

Zailani bai taɓa yin abu a hankali ba in ana kallonsa. Ya fizgi igiyar da dukkan ƙarfinsa. Kujerar ta zame fiii, ta kai ƙarshe ta tsaya, shi bai tsaya ba. Sai ga Darakta a kan kafet rigingine, ƙafafu ɗaure a sama, sanda a ƙirji.

"Innalillahi!" in ji Zulaihatu, dariya na cinta.

"Salamu alaikum."

Muryar daga bakin ƙofa ta fito, siririya, ba gaggawa a cikinta.

Ludayin ya faɗi. Zulaihatu ta ja mayafi ta faɗa bayan labulen kicin, daga can ta durƙusa.

"Baffa, sannu da zuwa. An zo lafiya? Ya su Inna?"

"Jam, lafiya lau," in ji tsohon, yana kallon silin.

Baffa ke nan. Shekara saba'in da 'yan kai, dogo, siriri kamar sandar da ya saƙalo a kafaɗa, da malfa rataye a bayan wuya. Tun da ya sallame asuba ya taso daga rugarsu ta hanyar Kiyawa, a ƙafa, kuma ko numfashinsa bai canja ba.

Zailani ɗan farinsa ne. A gidansu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama a dube shi a yi masa magana, abin kunya ne babba. Shekara arba'in da huɗu Baffa bai taɓa cewa "Zailani" ba. In yana da magana, ƙannensa yake aikawa, ko da suna zaune a tabarma ɗaya. In ba kowa a kusa, saniya yake gaya wa, ɗan ya tsinta. Zulaihatu kuwa suruka ce, ita ma daga gaisuwa ba ƙari.

Baffa ya dubi falon kaf. Ba ƙane, ba saniya. Idonsa ya sauka a kan Boaz.

"Kai ne mai kayan nan?"

"Ni ne, Baba. Sannu da hanya."

"To mai kaya, tambayi mai gidan nan, lafiya yake kwance ƙafa a sama?"

Boaz ya dubi Baffa, ya dubi Zailani. Tsakaninsu bai fi taku uku ba.

"Baba, ai ga shi nan."

"Na gan shi. Kai na aika."

Boaz ya sosa ƙeya, ya sunkuya.

"Oga, wai lafiya kake kwance?"

"Kwance min ƙafa tukuna!" Zailani ya ce ta cikin haƙora.

Aka kwance shi. Ya mirgina ya durƙusa, ya sunkuyar da kai yana ƙoƙarin rufe tumbinsa da hannu biyu, hannun bai isa ba.

"Baffa, barka da zuwa. Lafiya ƙalau. Kaya ne aka kawo na ofis, nake dubawa."

Baffa bai motsa ba. Yana kallon Boaz, yana jira.

"Wai kayan ofis ne," in ji Boaz.

"Uhm."

Tsohon ya jingine sandarsa, ya ƙi kujerar kushin, ya nufi keken. Ya zaga shi sau biyu yadda yake zaga bijimi a kara, kasuwar shanu. Ya daddanna sirdin, ya ƙwanƙwasa ƙarfen ya kasa kunne, ya leƙa ƙarƙashi.

"Ɗaya ƙafar fa? Sace ta aka yi?"

"Haka aka yi shi, Baba."

"Ina yake kai mutum?"

"Ba ya zuwa ko'ina."

"Yana ɗaukar kaya?"

"A'a."

"Niƙa yake yi?"

"A'a, Baba. Hawa kawai ake, a yi ta murzawa, a gaji, a sauka."

"A inda aka hau?"

"A inda aka hau."

Baffa ya jinjina kai a hankali.

"Gaya wa mai gidan nan, na daɗe ina tambayar kaina wane irin aiki suke yi a ofis. Yau na gani."

Daga bayan labule aka ji wani sauti kamar an toshe baki da mayafi.

Boaz ya juya. "Oga, wai ya yaba da ingancin kayan."

"Ban ce ba," in ji Baffa. "In na aike ka, ka kai abin da na ba ka."

"Tuba nake, Baba."

Sai tsohon ya koma kan na ƙasan. Ya tsuguna, ya ɗauki sandar, ya ja igiyar da hannu ɗaya. Ta biyo shi da nauyi. Ya sassauta, ta koma. Ya sake ja. Fuskarsa ta canja, kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a tasha.

"Wannan ai rijiya ce."

"Kwale-kwale ne, Baba."

"Ni za ka gaya wa? Wannan nauyin guga ne, gugan fata, cike. Gaba ashirin." Ya leƙa gindin injin. "Ta ina ruwan yake fitowa?"

"Ba ruwa."

"A ja, ba ruwa?"

"Ba ruwa."

Baffa ya ajiye sandar. Ya zauna a kan kafet ya tanƙwashe ƙafa, ya ba ɗansa gefen kafaɗa.

"Mai kaya, zauna in ba ka labari. Akwai wani yaro da na sani. Shekararsa goma sha ɗaya. Rani ya yi tsanani, shanu na kuka a bakin rijiya, aka ba shi igiya. Ya ja guga huɗu ya ce zai zaga bayan gari. Shanu na nan suna jira. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Sai bayan kwana uku aka same shi a makarantar boko, a benci na gaba, ya gaya wa hedimasta wai shi maraya ne."

"Kai!" in ji Boaz.

"Ni na shayar da shanun. Ni, uban marayan, ya bari da su." Ya nuna injin da haɓa. "To tambaye shi, wanda ya gudu ya bar igiya mai ruwa, me ya kai shi sayen igiya marar ruwa?"

Boaz ya juya, kafaɗunsa na rawa.

"Oga, wai..."

"Na ji!"

"Wai ya ji, Baba."

"Ban ji amsa ba."

Zailani ya share gumi. Tunda yake bai taɓa jin falon nan ya yi masa ƙanƙanta irin yau ba. Ya buɗe baki zai ƙara wa maganar ofis gishiri, amma Boaz ya ga ciniki na neman lalacewa a hannun tsoho, jinin kasuwa ya motsa masa.

"Baba, kar ka raina shi! Wannan injin magani ne. Wallahi in Oga ya yi sati huɗun nan a kansa safe da yamma, jinin nan sai ya sauka, likitan da ya ƙi sa hannu da kansa zai nemi biro ya..."

Ya tsaya.

Ya dafe bakinsa da hannu.

A bayan labule Zulaihatu ta ce, "Shi ke nan," can ƙasa-ƙasa.

"Wane jini?" in ji Baffa.

"Baba, ni kaya kawai nake sayarwa."

"Wane hannu aka ƙi sawa?"

"Motata ma na bar ta a rana..."

"Zauna."

Boaz ya zauna.

"Tambaye shi."

Ba sai an tambaya ba. Zailani ya ƙara sunkuyar da kai, ya faɗi komai yana kallon zanen kafet: awon da aka yi sau uku, sati shidan da aka ba shi, biyun da suka tafi, takardar da ke cikin durowar likita ba sa hannu. Ya ce in jinin bai sauka ba, jirgi zai tashi ba shi.

Da ya gama, Boaz ya buɗe baki zai maimaita.

"Bar shi," in ji Baffa. "Wannan iska ta kawo min."

Ya ciro goro daga aljihu, ya dube shi, ya mayar.

"Tambaye shi, yana ganin jiri?"

"Wani lokaci," in ji Zailani.

"Wai wani lokaci."

"Ba don komai na tambaya ba," in ji Baffa da sauri. "Uwarsa ce za ta dame ni."

"Na gane, Baba."

"Ba ka gane komai ba. Tambaye shi, yana barci?"

"Yana yi," in ji Zulaihatu daga bayan labule, ta kasa daurewa. "Har a kan sallaya."

Baffa ya yi kamar labulen bai yi magana ba.

"Gaya masa, bijiman da na fitar, akwai wanda ni na karɓi haihuwarsa da hannuna. Ban kai shi kara don in je in riƙe rigar ɗan wani a wajen ɗawafi ba. In takarda ba ta fito ba, kujera biyu za su tafi ba kowa a kai."

Wannan karon Boaz ya kai saƙon daidai, kalma ba ta faɗi ba. Zailani ya so ya ɗaga kai ya dubi tsohon, ya san in ya yi haka Baffa tashi zai yi ya fita.

"To," in ji Baffa, ya tafa hannu sau ɗaya. "Mai kaya, yanzu bar zancen kasuwa. Ka ɗauka ɗan uwanka ne. Wanne ne zai fi saurin sauke jinin?"

Boaz ya gyara zama.

"Tsakani da Allah, Baba, duk wanda ya riƙe kullum. Mai jiki irin na Oga, keke ya fi masa sauƙin farawa, ba zai ji ciwon baya ba. Mai igiyar ya fi cin jiki, amma sai an iya. In ya ja da baya maimakon ƙafa, kwana uku zai kwanta."

"Keken, in ya daina murzawa, me zai same shi?"

"Ba komai. Yana zaune abinsa."

"Mai igiyar fa?"

"In ya daina ja, ƙarar ta tsaya, har kicin za a ji."

"Madalla," in ji labule.

"Baffa, keken ya fi..." Zailani ya fara.

"Wa ke magana?" Baffa ya tambayi Boaz.

"Oga ne. Wai keken ya fi."

"Gaya masa ya taɓa zaɓa sau ɗaya, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ga inda zaɓin ya kawo shi. Mai igiya za a bari. Ja kuwa ba sai Bature ya koya masa ba, a gidansu aka iya. Matsa."

Kafin wani ya ce wani abu, Baffa ya tuɓe malfa, ya naɗe hannun riga, ya tattare wando zuwa gwiwa. Ya zauna a 'yar kujerar, ta ishe shi har da saura. Ya ƙi maɗaurin ƙafa, ya tokare da yatsu.

Ya ja.

Ƙafa ta tura, baya ya biyo, hannu ya ƙarasa. Ya koma. Ya sake ja. Injin ya ɗauki wani kuka mai daɗi, fuu, fuu, fuu, ba tangarɗa.

"Yesu!" in ji Boaz. "Baba, ka taɓa hawa ne?"

"Shekara sittin."

Fuu. Fuu.

"Gaya masa ya buɗe ido. Ba a fizgar guga, lallashinsa ake. In ka fizga, rabin ruwan a hanya zai zube."

"Oga, wai kar ka fizga."

"Gaya masa ba zan koma ruga ba sai takarda ta fito. Da asuba ni zan tsaya a kansa. Guga ɗari kafin ya karya."

"Ɗari?" in ji Zailani.

"Wai ya yi kaɗan, Baba?" in ji Boaz.

"Ban ce ba!"

"Ɗari da hamsin," in ji Baffa.

Fuu. Fuu. Tsohon har ya fara kiran shanu ƙasa-ƙasa da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, kamar suna tsaye a bayan kushin suna jiran kwami ya cika.

"Abu ɗaya ya rage," ya ce bai daina ja ba. "Tambaye shi, akwai sauran abin da ya ɓoye? In akwai ya fito da shi yanzu, tun ina zaune."

"Babu, Baffa. Wallahi... babu."

"Wai babu."

Akwai.

Ranar Talatar da ta wuce Zailani ya koma wurin Likita Choji shi kaɗai, ya rufe ƙofa, ya roƙe shi ya sa hannu haka nan. Da likita ya ƙi, sai bakinsa ya ƙwace masa. Ya ce mahaifinsa tsoho ne tukuf, yana nan kwance a ɗakin baya na gidansa, ƙafa ta mutu, ido ya yi rauni, ba mai ɗaga shi sai shi. Ya ce in bai bi shi Makka ba, tsohon ko matakalar jirgi ba zai hau ba. Har ya goge ido da hankici. Likita bai sa hannun ba, amma jikinsa ya yi sanyi, ya ce zai leƙo ranar Asabar ya ga injin da aka zaɓa, ya kuma gai da Baba.

Zailani ya shirya cewa tsohon na barci. Abin da bai shirya ba shi ne tsohon ya zo.

Asabar.

Yau.

A daidai lokacin ya ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Ya ji an buɗe but, bayan motar. Ya ji ana fama da wani abu mai ƙarfe.

Ya miƙe zumbur, jiri ya kwashe shi, ya dafa keken.

"Boaz," ya ce da raɗa, "fita ka tare shi. Ka ce ba na nan."

"Wa?"

"Ka ce na tafi Miga!"

"Me yake cewa?" in ji Baffa. Fuu. Fuu.

"Wai ya tafi Miga."

"Salamu alaikum, masu gida!"

Likita Choji ya turo ƙofa da baya, yana janye da keken marasa lafiya, sabo fil, ledar ma ba a gama cire masa ba. Ya juyo da fara'arsa. Idonsa ya faɗa kan dattijon da ke tsakiyar falo yana jan igiya kamar ɗan shekara talatin, ya tsaya yana kallo baki buɗe.

"Kai, masha Allah! Sannu Baba! Malam Zailani, ka ga irin jikin da nake so ka yi? Wannan ko yau ya zo na sa masa hannu ido rufe." Ya tura keken gaba ya daddaɓa kujerarsa. "To ina tsohon naka? Ga wannan na samo masa aro, ka huta da goyo. Tun da ka ce min ko alwala sai ka goya shi, abin ya tsaya min a rai."

Baffa ya saki sandar.

Igiyar ta koma da gudu, sandar ta bugi ƙarfe, ƙwal!

Ya sauke ƙafafunsa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi keken marasa lafiyar tun daga taya har mariƙi. Bai dubi ɗansa ba.

Boaz ya fara laluben hularsa.

"Mai kaya."

"Na'am, Baba."

"Ajiye hular. Tambayar min baƙon nan, wane tsoho ne ake goyawa a gidan nan?"